Mota na tsakar gida, Baba na kwance: tambayoyi da amsoshi kan inshora da takardun mallaka

Idan ciwo ya kwantar da mahaifi ko mahaifiya, ko a asibiti ne, ko a gida da nas tana zuwa safe da yamma, ko a gidan kula da tsofaffi, mota ce abu na ƙarshe da ake tunawa da shi. Sai ranar da 'yan VIO suka tare ƙanin gida a hanyar sayo magani, ko ranar da wani ɗan uwa ya ce "ai Baba ni ya ba wa", sannan a tuna akwai takardu, kuma duk da sunan mutum ɗaya ne, mutumin da yanzu ko biro ba ya iya riƙewa. Amsoshin nan sun shafi Nijeriya ne, da gidajen da ke bin mazhabar Malikiyya wajen kyauta da gado.

Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce ba zai sake tuƙi ba. Motar ta wa ce yanzu?

Tasa ce. Ciwo ba ya cire wa mutum dukiyarsa, komai tsawonsa. Da dokar ƙasa da shari'ar Musulunci duk bakinsu ɗaya a nan: muddin yana numfashi, mota na cikin mallakarsa, ba ta zama gado ba, ba ta kuma zama ta babban ɗa don shi ke biyan kuɗin asibiti ba. Wanda ke riƙe da makulli amana ce a hannunsa. Yawancin rigingimun da ke biyo baya daga nan suke farawa, domin a gidajenmu da zarar Alhaji ya kwanta sai a fara yi wa kayansa kallon na kowa, wannan ya ɗauka ya je ɗaurin aure Zariya, wancan ya kai yara makaranta, in ta lalace kuma kowa ya zame.

Inshorar ta kusa ƙarewa, motar kuma a ajiye take. Dole ne mu sabunta?

Abin da doka ta hana shi ne a hau titi da mota ba inshora. Hanin ya daɗe, tun 1945 aka fara kafa dokarsa, zamanin Turawa. Idan da gaske motar tana cikin gida a rufe, ba mai fitar da ita, ba wanda zai biyo ku har tsakar gida ya ce ina takarda. Sai dai ku yi wa kanku adalci: da gaske ba za a fitar da ita ba? Gidan da ke da majinyaci, tsakar dare ake buƙatar mota, kuma a wannan lokacin ba mai tambayar ko takardu sun mutu. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsaurara binciken wannan inshora a faɗin ƙasa. Ni dai shawarata a sabunta ƙaramar inshorar nan ta dole duk shekara, ko da motar sau ɗaya take fita a wata, a haɗa da lasisin motar da takardar lafiyarta.

Nawa ne kuɗin, kuma me take biya?

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshora na motar gida naira 15,000 a shekara. Kafin nan 5,000 ne. Ita wannan ba motarku take karewa ba, mutumin da kuka yi wa ɓarna take biya: in an buge motar wani ko katangarsa ko rumfarsa, tana biya har naira miliyan 3, kafin 2023 miliyan 1 ne, tana kuma shiga maganar rauni ko rasa rai na wanda aka kaɗe. Motar Baba kuwa in ta lotse, aljihunku ne.

Babbar inshora ita ce ke ɗaukar har da motar kanta, haɗari da gobara da sata. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar da ta kai miliyan 8 ke nan tana cin aƙalla naira 400,000 a shekara. Gidan da ke sayen magani kullum da biyan mai gashin ƙashi, wannan kuɗi ba na wasa ba ne. Akwai ta tsakiya wadda ta haɗa ɓarnar wani da gobara da sata, ba ta biyan gyaran haɗari. Ga motar da ke yini a gareji ita ta fi dacewa, ku tambayi kamfanin ko suna da ita.

Da sunan wa za mu sabunta, nasa ko nawa?

Sunan da ke jikin takardun mota shi za a sa, wato nasa. Kai kana iya biyan kuɗin daga aljihunka ko daga fanshonsa, kamfani bai damu da inda kuɗin ya fito ba, ya dai damu da a biya kafin a ce an shiga kariya, domin ƙa'idar Nijeriya ita ce ba kuɗi ba kariya. Matsalar sa sunanka ita ce inshora ana yi wa abin da mutum yake da haƙƙi a kansa ne. Ranar da aka yi haɗari, ma'aikacin kamfani zai jera takardar mallaka da ta inshora gefe da gefe, in ya ga suna biyu daban, ka ba shi ƙofar ƙin biya da hannunka.

Ni nake tuƙa ta ina kai shi asibiti. In na yi haɗari inshorarsa za ta biya?

Ɗauko takardar ka duba wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa. A mafi yawan inshorar motar gida za ka ga an ce mai motar, da duk wanda ya tuƙa da izininsa, da sharaɗin yana da lasisin tuƙi mai rai. Sharaɗi biyu ke nan. Na lasisi a fili yake: lasisin Nijeriya na shekara 3 ne ko 5, in naka ya mutu ka sabunta kafin ka riƙe sitiyari, kuma kada a ba yaron gida da ya iya mota amma bai taɓa zuwa ofishin lasisi ba.

Na izini shi ne mai ɗan sarƙaƙiya. In Baba yana cikin hankalinsa, kalma ɗaya ta isa, a rubuta ta don gudun gobe. In kuwa ya daina gane mutane, wa ya ba da izinin? Don haka ka rubuta wa kamfanin, ko dillalin da ya yi muku inshorar, ka ce mai motar yana jinya, wane ne ke tuƙa ta yanzu, kuma a unguwa kaza take kwana. Ka nemi su amsa a rubuce. Harkar inshora a kan faɗin gaskiya aka gina ta, abin da ka ɓoye musu yau shi za su kafa maka hujja da shi gobe.

Ƙanina ya ce a sa motar a Bolt ko kabu-kabu ta riƙa kawo kuɗin magani. Ya halatta?

Inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya. Da zarar fasinja ya biya kuɗi ya shiga, an fita daga sharaɗin takardar. In za a yi, sai a koma inshorar motar haya da takardun haya, kuma sai da yardar mai motar. Ku kuma yi lissafin taya da mai da bakanike kafin ku ɗauka balas ɗin da za a kawo riba ce. Motar da aka sa haya shekara ɗaya, in an zo sayarwa, dillali da ido kawai zai gane.

Ta yaya zan san takardar inshorar da ke cikin motar ta gaske ce?

Kada ka yarda da kyan takarda da hatimi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Ka shiga askniid.org ka sa lambar motar, ko ka danna *565*11# a wayarka ka bi abin da aka ce. In sunan kamfani da ranar ƙarewa sun fito, ta gaske ce.

Lokacin da namu tsohon ya kwanta na buɗe aljihun gaban mota na tarar da takardun inshora na shekaru a jere, a cikin leda, tsaf-tsaf. Ko ɗaya ba ta fito a rumbun nan ba. Wani ɗan kamasho ne da ke zama a ƙofar ofishin lasisi yake "haɗa masa komai" duk shekara, Baba kuwa ya yarda da shi kamar ɗan cikinsa, har goron sallah yake aika masa. Dattawa da yawa haka suke, ba su taɓa taka ƙafa kamfanin inshora ba. Duk wanda ya ce zai yi maka ta motar gida a ƙasa da 15,000, ka san inda aka dosa.

Mece ce takardar wakilci, kuma yaushe ya kamata a yi ta?

Takarda ce da mai dukiya ke sa hannu ya ce na wakilta wane ya yi kaza da kaza a madadina. Lauya ke rubuta ta, a sa hannu gaban shaidu. A fiƙihu wakala ake ce mata, ba baƙon abu ba ne. Lokacin yinta shi ne yanzu, tun yana gane abin da ake karanta masa. In hannu ya mutu yana iya dangwala yatsa, a rubuta cewa an karanta masa da Hausa ya fahimta ya amince.

A fayyace komai a ciki: lambar mota, lambar inji da ta shasi, da iyakar abin da aka yarje wa wakili. Sabunta takardu kaɗai ne? Har da karɓar diyya daga kamfanin inshora? Har da sayarwa, kuma a ƙasa da nawa ba a yarda ba? Shaidu kuma kada su zama duk 'yan ɗaki ɗaya. In gidan mata biyu ne ko uku, a samu mutum daga kowane ɗaki, ko a kira Kawu ko limamin unguwa. Na san da nauyi mutum ya durƙusa gaban mahaifinsa da takarda alhali yana kwance, kamar ana yi masa fatan tafiya. A bari wani sa'ansa ya buɗe maganar, aboki ko ƙani, ya fi sauƙi a kunnensa.

Mahaifiyarmu ta riga ta ruɗe, ba ta gane mu. Za mu iya kama yatsanta mu dangwala?

A'a. Wannan jabu ne, ko da niyyarku alheri ce, kuma duk ɗan uwan da ya ga dama zai iya rushe cinikin daga baya. Wakilci ma da aka yi tun tana lafiya, a ƙa'ida yana raunana ko ya faɗi idan hankalin mai wakiltawa ya gushe, don haka kada a dogara da tsohuwar takarda a sayar da abu mai tsada. Hanyar ita ce kotu. A samo rahoton likitan da ke duba ta, 'ya'ya su haɗu su tsayar da mutum ɗaya, a je babbar kotun shari'a ko babbar kotun jiha a nemi alƙali ya naɗa shi mai kula da dukiyarta. Wanda aka naɗa ba mai dukiya ya zama ba: abin da zai amfane ta kaɗai zai yi, kuma ana iya kiransa ya kawo lissafi.

Sabunta inshora da lasisi da sunanta kuwa ba ya buƙatar duk wannan, tunda kare mata kaya ake yi.

Baba ya faɗa a gaban mutane cewa ya ba ni motar. Ta zama tawa?

Ya danganta da yaushe ya faɗa, da kuma abin da ya faru bayan ya faɗa.

A Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, abin da malamai ke kira hauzi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗe shi ƙarara: in mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gado. A Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Abubakar da ya ba Nana A'isha kyautar dabino wusƙi 20 (wusƙi babban ma'aunin awo ne) daga gonarsa, ba ta je ta girbe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya ce mata da kin karɓa da ya zama naki, yau kuwa dukiyar magada ce. To in Baba ya ba ka mota yana lafiya, ka ɗauke ta ka kai gidanka, kana hawa, mutane sun sani, taka ce. In kuwa ya faɗa da baki ne kawai, mota ta ci gaba da kwana a garejinsa yana hawa har ya kwanta, maganarka ta yi rauni ƙwarai.

Kyautar da aka yi a cikin ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa, in har a cikinsa ya rasu, hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Kai ɗa ne, magaji ne, ka ga ke nan sai da amincewar 'yan uwanka. Inda malamai ke tsayawa su duba shi ne irin ciwon. Wanda ya shanye shekara da shekaru yana ci yana sha yana hira, ciwon ya tsaya wuri ɗaya, ba ɗaya yake da wanda jikinsa ke ƙara yin ƙasa kullum ba. Wannan alƙali ko malamin da ya san fiƙihun gado shi zai tantance, ba taron dangi ba.

Akwai kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. In da gaske Baba yana son ya saka maka don kai ke ɗawainiya da shi, ya tara kowa ya faɗa, a rubuta, a canja suna a takardu tun yana gani.

Kuɗin jinya ya fi ƙarfinmu. Laifi ne mu sayar da motar?

Ba laifi, da yardarsa ko da izinin kotu. Wasu na jin kunyar a ce sun sayar da motar ubansu yana raye, alhali mutum in yana da dukiya, daga cikinta ake fara yi masa hidima. Ciyarwa tana hawa kan 'ya'ya ne idan iyaye ba su da shi. Mota kuma ba fili ba ce, kullum tana zaune tana raguwa.

A sa dillalai biyu ko uku su yi mata kuɗi, kada a tsaya kan bakin mutum ɗaya. In ɗan gida ne zai saya, ya saya a kuɗin kasuwa, ba "farashin gida" ba, don ragin da aka yi masa daga aljihun majinyaci ya fita. Kuɗin ya shiga asusun mai motar, ko asusun da aka ware don jinya, a ajiye rasit na kowane magani da kowane gwaji. Littafi ɗaya na naira ɗari biyar ya isa. Yayarku da ke aure a Jos ba ta ga wahalar da kuke sha ba, lissafi kawai za ta gani.

In an sayar ko an yi kyauta, me ake yi da takardu?

Kada a miƙa makulli da takardu a ce mai saye ya je ya canja suna in ya samu lokaci. Ba zai samu ba. Muddin sunan Baba ne a rajista, in aka kaɗe mutum aka gudu, ko aka yi aika-aika da motar, ƙofarku 'yan sanda za su ƙwanƙwasa.

A rubuta yarjejeniyar ciniki ko ta kyauta da shaidu, a yi takardar rantsuwa a kotu, a haɗa da takardar mallaka ta asali da takardar kwastam in motar shigo da ita aka yi, a je ofishin lasisin mota da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Za a nemi tantancewar 'yan sanda cewa ba ta sata ba ce, VIO kuma su duba ta. Jiha da jiha suna ɗan bambanta a kuɗi da jerin takardu. A tsarin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, lamba tana ɗaure da mai motar ne, don haka sabon mai ita ya yi rajista da sunansa. Ku riƙe kwafin komai.

Inshora ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Ku sanar da kamfani an sayar, shi kuma ya yanki tasa. In babbar inshora ce kuma da sauran watanni, ku tambaya ko akwai ragowar kuɗin da za a maido.

Baba bai taɓa yarda da inshora ba, yana cewa akwai riba da caca a ciki. Akwai mafita?

Akwai takaful, inshorar taimakekeniya da aka tsara bisa shari'a, inda kuɗin da aka tara na mahalarta ne, in an yi rara a raba musu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna yi wa mota, takardarsu kuma tana gamsar da doka daidai da ta sauran.

Jikinsa ya ɗan yi sauƙi, kullum sai ya nemi makulli. Mu ba shi?

Ku bar likita ya yanke wannan, a gabansa. Mutumin da ya shekara 40 yana tuƙa kansa, ranar da ɗansa ya ce masa "Baba ba za ka iya ba" ba ya manta ta. In daga bakin likita ta fito, ya fi iya haɗiyewa. Shanyewar jiki tana iya taɓa gani ta gefe ɗaya ba tare da mutum ya sani ba, gigin tsufa kuma yana sa a manta hanyar gida ko a rikita birki da totur. Lasisinsa yana iya zama da rai a takarda, amma in ya kaɗe ɗan mutane alhali kun san halin da yake ciki, ba kamfanin inshora kaɗai za ku amsa wa tambaya ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne fitar da shi da yamma a gidan gaba, ya riƙa ba da umarnin hanya yana faɗan an cika gudu.

Mun yanke mu ajiye ta kawai. Me za mu yi kada ta lalace?

A tayar da ita sau ɗaya a mako, a ɗan zaga da ita har inji ya yi zafi, ko a cire kan batir in za ta daɗe. A duba iskar taya, a riƙa gusa ta don kada tayar ta kwanta a gefe ɗaya. Kada a bar birkin hannu a ja watanni, yana kamewa, a sa dutse ko katako a taya. Fetur in ya daɗe a tanki yana lalacewa. A sa ta a inuwa ko a rufe da tamfol, kuma a riƙa buɗe bonet, domin ɓera da gafiya sun fi kowa son motar da ba ta motsi, wayoyi suke fara ci. Takardun asali a cire su daga mota a kai ɗaki, a bar kwafi a ciki.

In Allah Ya yi masa rasuwa fa?

A wannan lokacin wakilci ya ƙare, ko na lauya ne ko na kotu. Mota ta shiga cikin abin da ya bari: a yi jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya a cikin sulusi, sannan a raba. Mota ba ta rabuwa, don haka ƙiyasta ta ake yi, ko a sayar a raba kuɗin, ko magaji ɗaya ya ɗauka a cire daga rabonsa, in ta fi rabon ya yi ciko. Wanda ya kashe kuɗinsa a gyara ko inshora da niyyar a biya shi ya kawo rasit a lokacin lissafin bashi.

A sanar da kamfanin inshora rasuwar a rubuce kafin a ci gaba da hawa motar, tunda wanda ake tuƙi da izininsa ba ya nan. Wajen canja suna kuma, ofishin lasisi zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta nuna wanda motar ta faɗa wa, ko ta rabon gado daga kotun shari'a, ko ta izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotun jiha. Kafin a samu wannan, makulli ya zauna a hannun wanda duk ɗakunan gidan suka yarda da shi.